Fada Rousselot, Mutumin da Ya Auna Magana da Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san wahalar da ke cikin gyara wa yaro furuci. Malami ya faɗi kalma, yaro ya maimaita ba daidai ba, malami ya sake faɗi da ƙarfi, yaro ya sake kuskurewa, har ran malami ya ɓaci. Amma da za a tambayi malamin nan inda harshensa ya ke zuwa sa'ad da ya ke faɗin kalmar, da wuya ya iya ba da amsa, gama abin yana faruwa ne a cikin baki inda ido ba ya kaiwa, kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani mutumin Faransa wanda ya ƙare rayuwarsa wajen neman hanyar da za a ga magana da ido, a kuma auna ta kamar yadda a ke auna yadi da awo. Sunansa Jean-Pierre Rousselot, Faransawa kuwa suna faɗin sunan nan kamar Ruslo.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Rousselot ran 14 ga Oktoba, 1846, a wani ƙaramin gari mai suna Saint-Claud, cikin lardin Charente, wajen yammacin Faransa. A zamanin nan mutanen ƙauyukan Faransa da yawa ba su yin Faransanci irin na littafi a gidajensu. Kowane yanki yana da nasa karin harshe, mutanen birni kuwa suna raina shi, suna ce da shi maganar ƙauye. Lardin Charente yana daidai inda karin harshen arewacin ƙasar da na kudu su ke haɗuwa, har ya zama in mutum ya yi tafiyar 'yan mil kaɗan sai ya ji magana ta sāke. A cikin irin wannan ƙasa yaron ya tashi, yana jin harshe ɗaya a gida, wani kuma a makaranta.

Ya yi karatu a makarantar koyon aikin fada ta ɗarikar Katolika, aka naɗa shi fada cikin 1870. Bayan haka ya koyar a wata ƙaramar makarantar horon fada da ke Richemont, cikin lardinsu. Watau shi ma malamin makaranta ne kamar yadda mu ke fatan zama, kuma a bakin aikin koyarwa ne sha'awar harsuna ta kama shi. Sai ya shiga bin ƙauyuka yana sauraron tsofaffi da yara, yana rubuta yadda kowa ya ke furta kalmomi. Daga baya ya tafi Faris don ƙaro ilmi, ya zauna gaban manyan malaman harshe na lokacin, musamman Gaston Paris. Cikin 1887 shi da wani masani mai suna Jules Gilliéron suka kafa mujalla wadda ba ta da wani aiki sai binciken karin harsunan ƙauyukan Faransa.

Wannan aiki yana bukatar hanzari. Cikin 1881 da 1882 gwamnatin Faransa ta yi dokokin da suka mai da karatun firamare kyauta kuma tilas, da Faransancin littafi kaɗai a ke koyarwa, a makarantu da yawa ma har horo a ke yi wa yaron da aka kama yana maganar gidansu. Kowa ya ga alamar cewa harsunan ƙauye za su shuɗe tare da tsofaffin da ke yinsu.

Inda kunne ya gaza

Da Rousselot ya daɗe yana wannan rubuce-rubuce, sai ya lura da wani abu da ya dame shi. Kunnen mutum yana jin abin da ya saba ji ne. In masana biyu suka saurari tsoho guda, sai kowannensu ya rubuta abin da ya yi kama da harshen da ya tashi da shi, su yi ta gardama, ba kuwa mai raba su, domin maganar ta riga ta bi iska. Mu ma mun san wannan a ƙasarmu. Baƙon da bai tashi da Hausa ba yakan rantse cewa kafa da ƙafa kalma ɗaya ce, alhali kuwa ɗan shekara uku a gidan Bahaushe ba ya haɗa su.

A Faris a lokacin akwai wani likita masanin aikin jiki, Étienne-Jules Marey, wanda ya shahara wajen ƙera na'urorin da ke zana motsin jiki bisa takarda, kamar bugun zuciya, da numfashi, da tafiyar doki. Tun wajen 1875 wani likita mai suna Rosapelly ya gwada na'urorin Marey a kan magana, amma abin bai yi nisa ba. Rousselot ya ɗauki wannan hanya ya riƙe ta da hannu biyu. Ya koyi ilmin sauti da na gaɓoɓin jiki, ya yi ta zama da maƙeran na'urori, yana gyara waɗanda ya tarar, yana kuma ƙago waɗansu.

Yadda ya ke shirya na'urorinsa

Babbar na'urarsa wata gangar ƙarfe ce mai kama da babban gwangwani, wadda inji irin na agogo ya ke juyawa a hankali ba tare da sauri ko jinkiri ba. Wani Bajamushe, Carl Ludwig, shi ya fara ƙera irinta cikin 1847 don auna bugun jini. Akan naɗe gangar da farar takarda mai santsi, a riƙa juya ta bisa harshen wuta har hayaƙi ya rufe ta ƙirin da baƙi. Kusa da gangar akwai waɗansu 'yan kurkutu ƙanana, an rufe bakin kowanne da fatar roba, an kuma ɗora masa siririn tsinke wanda bakinsa ke taɓa baƙar takardar. Daga kowane kurkutu akwai mesar roba da ta tafi zuwa jikin mai magana.

Mesa ɗaya tana ƙarewa da mazurari wanda mutum zai kafa a bakinsa. Ta biyu tana da ɗan ƙwallo mai huda da a ke sa wa a ƙofar hanci. Ta uku tana da ɗan faifai da a ke ɗaurawa a wuya, daidai zakaran wuya. In mutum ya yi magana, iskar bakinsa da ta hancinsa da rawar maƙogwaronsa sai su bi mesa su motsa fatar roba, fatar ta motsa tsinke, tsinken kuma ya kankare baƙin hayaƙi ya bar farin layi mai hawa da sauka. Ban da waɗannan akwai wani ƙarfe mai rassa biyu wanda in an buga shi yakan yi rawa sau adadi sananne cikin kowane sakan, shi ma yana zana nasa layi a gefe. Da wannan layi a ke ƙirga lokaci, har a san ko wasali ya ɗauki kashi nawa cikin ɗari na sakan. In an gama, sai a yanke takardar a tsoma ta cikin wani ruwa mai danƙo, a shanya, don kada zanen ya goge.

Aikin yana son haƙuri ƙwarai. In hayaƙi ya yi kauri, tsinke ba ya tafiya sosai. In fatar roba ta saki, layi ya yi ƙarya. In mesa ta yi yoyo, an yi aikin banza. Abin da ya fi duka wuya shi ne jera tsinkayen nan, domin dole ne bakinsu duka ya tsaya a kan layi ɗaya tun kafin ganga ta fara juyawa. In ɗaya ya ɗan wuce 'yan'uwansa ko da kaurin gashi ne, sai mai bincike ya ɗauka cewa hanci ya buɗe kafin baki, alhali kuwa tare suka buɗe. Sa'an nan ga shi mai maganar kansa, wanda an cusa masa abu a hanci an ɗaura masa wani a wuya. Sai an zauna da shi an lallashe shi har ya saki jiki, in ba haka ba abin da za a samu maganar mai jin tsoro ce, wadda ba ita ya ke yi a gida ba.

Don sanin inda harshe ya ke taɓawa kuwa, Rousselot ya yi amfani da ganɗar roƙo, dabarar da likitocin haƙori suka fara. Akan ɗauki siffar ganɗar mutum, a yi wani siririn faranti daidai da ita, a barbaɗa masa garin alli, a sa masa a baki. Sai ya faɗi kalma ɗaya tak, a fitar da farantin a duba. Duk inda harshe ya taɓa, alli ya goge. Da haka a ke ganin cewa wajen faɗin ta harshe yana taɓa gaba kusa da haƙora, wajen faɗin ka kuwa can baya ya ke taɓawa.

Mai karatu zai iya gane dalilin da ya sa na'ura ɗaya ba ta isa ba in ya gwada da bakinsa. Faɗi ka, sa'an nan ka faɗi ƙa. Harshe wuri ɗaya ya ke zuwa, saboda haka farantin alli ba zai nuna wani bambanci ba. To, ɗora yatsa bisa zakaran wuyanka ka sake faɗi. Za ka ji wajen ƙa maƙogwaro ya rufe ya yi tsalle sama. Faifan da a ke ɗaurawa a wuya shi ne zai kama wannan. Ashe magana aikin gaɓoɓi da yawa ce a lokaci guda, wanda kuwa ya ke so ya fahimce ta sai ya dube su tare.

Iyalin Cellefrouin

Abin da ya ɗaukaka sunan Rousselot shi ne littafin da ya rubuta don neman digirin dakta, wanda aka buga cikin 1891. Masanan zamaninsa sun fi mai da hankali ga tsofaffin littattafan Latin da Girkanci. Shi kuwa sai ya zaɓi maganar iyali guda, watau danginsa, a ƙauyen Cellefrouin kusa da garin haihuwarsa. Ya saurari mahaifiyarsa da sauran dangi manya da ƙanana, ya auna tasa maganar da na'ura, ya lura da shekarun haihuwar kowa, sa'an nan ya kwatanta.

Abin da ya samu ya ba mutane mamaki. A cikin gida ɗaya, inda kowa ya ke tsammani harshe ɗaya a ke yi, furucin tsofaffi dabam ne da na 'ya'yansu, na jikoki kuma ya ƙara nisa. Waɗansu sautuka suna raunana kaɗan kaɗan daga tsara zuwa tsara har su ɓace, ba kuwa wanda ya lura a cikin masu maganar. Dā masana sun san cewa harsuna suna sākewa, gama sun ga yadda Latin ya rikiɗe ya zama Faransanci, amma sun san haka ne daga takardun da ɗaruruwan shekaru suka raba. Rousselot ya nuna sākewar tana cikin faruwa, tsakanin uwa da ɗanta. Ya kuma nuna cewa maganar ƙauye da a ke rainawa tana da ƙa'idodinta daram, ta isa a yi mata bincike kamar kowane harshen littafi.

Ɗakin gwaje-gwaje da almajirai

Tun 1889 ya ke koyar da wannan sabon ilmi a babbar makarantar Katolika ta Faris. Cikin 1897, da taimakon masanin harshe Michel Bréal, aka buɗe masa ɗakin gwaje-gwajen furuci a Collège de France, wadda tana cikin manyan gidajen ilmi na ƙasar. A shekarar nan ce kuma ya fara fitar da babban littafinsa mai juzu'i biyu a kan ka'idodin binciken furuci da na'ura, inda ya bayyana kowace na'ura, da yadda a ke shirya ta, da irin kuskuren da takan jawo. Cikin 1902 ya fitar da wani littafi don masu koyon furucin Faransanci, cikin 1911 kuma shi da Hubert Pernot suka kafa mujallar ilmin furuci.

Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Lev Shcherba ya zo daga Rasha, Josef Chlumský daga ƙasar Cek, kowannensu ya koma gida ya ci gaba da aikin. Wani almajirinsa mutumin Italiya, Giulio Panconcelli-Calzia, shi aka ba riƙon ɗakin gwaje-gwajen da aka buɗe a Hambug ta Jamus cikin 1910, wanda Carl Meinhof ya nema musamman don binciken harsunan Afirka. Ta wannan hanya dabarun da aka fara gwadawa a kan maganar wani ƙauyen Faransa suka iso kan harsunan nahiyarmu.

Rousselot bai tsaya ga ilmi don ilmi kaɗai ba. Ya yi aiki da masu in'ina da masu nauyin baki, yana nuna musu zanen maganarsu da na mai lafiya don su ga inda za su gyara. Ya kuma yi aiki da masu nauyin ji. Akwai wani gwanin maƙeri a Faris, Rudolph Koenig, wanda ya ke ƙera ƙarafan nan masu rassa biyu, kowanne da nasa amo, daga mai kauri zuwa siriri. Da su Rousselot ya ke gwada kunnen mutum ɗaya bayan ɗaya, ya gane amon da ya ke ji da wanda ya ɓace masa, sa'an nan ya shiga horar da kunnen da abin da ya rage.

Yaƙi da tsufa

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914, Rousselot yana da shekara kusan 68. Duk da haka ya ba da iliminsa, yana cikin waɗanda suka yi aikin gano maɓoyar igwa ta wurin ƙararta. Dabarar ita ce, sauti yana tafiyar kamar mita 340 cikin sakan ɗaya. In an kafa masu sauraro a wurare uku ko huɗu, ƙarar igwa za ta riga isa wani wuri kafin wani, daga wannan ɗan bambanci kuwa a ke lissafa inda igwar ta ke. Wanda ya saba auna tsawon wasali bisa baƙar takarda, wannan lissafi ba baƙo ba ne a gare shi.

Sai cikin 1923 aka ba shi cikakkiyar kujerar farfesa a Collège de France, yana tsoho. Bai daɗe a kanta ba, ya rasu a Faris ran 16 ga Disamba, 1924, yana da shekara 78.

Abin da ya biyo baya

Akwai abu ɗaya da Rousselot ya nema bai samu sosai ba, watau ganin harshe kansa yana motsi. Farantin alli yana nuna inda harshe ya taɓa ne kawai, ba ya nuna hanyar da ya bi. Hoton ƙashi da Röntgen ya gano cikin 1895 ya taimaka, har Daniel Jones na Ingila ya ɗauki hoton harshensa da shi cikin 1917, amma haskensa yana cuta in ya yi yawa, ba shi yiwuwa a tsai da mai lafiya a gabansa na tsawon lokaci.

Maganin ya fito ne daga wani aiki na zamanin yaƙin nan. Wani masanin Faransa, Paul Langevin, ya yi amfani da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen mutum, watau wanda rawarsa ta wuce sau 20,000 cikin sakan, don neman jiragen ƙarƙashin ruwa. Akan aika sautin, in ya bugi abu ya dawo, a lissafa nisansa. Likitoci suka ɗauki dabarar, cikin 1958 Ian Donald na Gilasgo ya buga sakamakon duba cikin jikin mutum da ita, daga nan aka sami na'urar hoton ciki da a ke duba masu juna biyu da ita a asibiti. Tun wajen 1980 masu binciken furuci suka shiga yin amfani da ita a kan harshe.

Ga yadda a ke shirya ta. Akan shafa wani mai kamar kamu a kan na'urar, a kafa ta ƙarƙashin haɓar mai magana. Sautin ya ratsa nama ya hau, in ya kai saman harshe inda nama ya haɗu da iska sai ya dawo, a ga farin layi a fuskar kwamfuta yana lanƙwasa yana miƙewa yadda harshe ya ke yi, hotuna gommai cikin sakan ɗaya. Ƙashi ba ya barin sautin ya wuce, saboda haka ƙashin muƙamuƙi yakan jefa inuwa ya ɓoye ƙarshen harshe. Ganɗa kuma ba ta fitowa sai an ba mutum ruwa ya haɗiya a zana iyakarta. Don kada na'urar ta goce, akan sa wa mutum wani abu kamar kwalkwali wanda ke riƙe ta daram. Akan kafa makirufo kusa da bakinsa, a nisantar da shi daga ƙugin injin, a ɗaki marar hayaniya. Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba masu bincike wahala, shi ne daidaita hoto da murya, don a tabbata cewa wannan hoto na wannan sauti ne. Domin haka akan sa na'urar ta aika wata alama cikin abin ɗaukar murya tare da kowane hoto.

Wanda ya karanta yadda Rousselot ya ke jera tsinkayensa zai ga cewa damuwar ɗaya ce. Baƙar takarda ta tafi, kwamfuta ta zo, amma har yanzu sai an daidaita lokaci, sai an tsare na'ura kada ta motsa, sai kuma an kwantar da hankalin mai magana. Yanzu na'urar ta ƙanƙance har ana sa ta cikin jaka a kai ta ƙauye, a ɗauki harsunan da masu yinsu suka rage kaɗan, irin aikin da ya fara a Cellefrouin.

'Yan'uwa, yawancinmu za a tura mu makarantun da yara ke zuwa da harsuna iri iri, waɗansu ma ba a taɓa rubuta su ba. Ba mu da na'urar hoton ciki, amma muna da madubi, da yatsa da za a ɗora a wuya, da 'yar takarda da za a riƙe gaban baki a ga fitar iska. Yaron da ya kasa faɗin wani sauti, sau da yawa kunnensa ne bai saba da shi ba, in an nuna masa inda zai sa harshensa sai ya iya, gama gani ya kori ji. Harshen da ya zo da shi daga gida kuma kada mu raina shi, tun da ya ke maganar wani ƙaramin ƙauye ce ta zama tushen wannan ilmi duka. Allah ya ba mu haƙuri irin na wannan bawan Allah a bakin aikinmu, amin.